Yadda ake gwada tasirin haske a kan funfunar penisilin a ƙaramin ɗakin gwaji a Damagaram

Funfunar da ake samun penisilin daga gare ta ba ta da ido, ba ta kuma dogara da hasken rana wajen abinci yadda gero da wake suke yi. Duk da haka tana bambance dare da rana, har tana bambance jan haske da shuɗi. Idan aka shuka iri ɗaya a kwano biyu, aka ajiye ɗaya a haske ɗaya a duhu, bayan kwana biyar sau da yawa na hasken ya fi yin kore da ƙurar iri, na duhun kuma ya fi fari, ya yi gashi-gashi. Wannan bayani na malaman kimiyyar halittu ne da ɗaliban jami'a da na lise masu son ganin abin da idonsu, da kayan da ake iya haɗawa a nan Zinder. Aikin ba shi da tsada. Wahalarsa guda ce: a tabbatar haske kaɗai ne ya bambanta tsakanin kwanonin. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ke faruwa a cikin tantani

Asalin mazaunin funfuna cikin ƙasa ne ko cikin ruɓaɓɓen abu, inda duhu yake. Ranar da zarenta ya leƙo waje ya ga haske, ya iso inda iska za ta iya ɗaukar iri ke nan, kuma inda zafi da bushewa da ƙunar rana za su iya halaka shi. Shi ya sa haske ke tura ta wajen yin ƙurar iri mai launi, duhu kuma ya bar ta ta ci gaba da miƙa zare, ko ta shiga haihuwa ta hanyar barbara idan nau'inta na yin haka.

Yawancin abin da aka sani a kan wannan daga funfunar Aspergillus nidulans aka samo shi, ita ma tana yin penisilin ko da yake kaɗan ne. Tana da furotin mai suna FphA da ke kama jan haske wajen nanomita 700 (ma'aunin tsawon zangon haske), irin wanda tsirrai ke da shi. Tana da LreA da LreB masu aikin shuɗin haske wajen nanomita 450, ƴan uwan furotin biyu da aka fara ganewa a funfunar Neurospora. Akwai kuma CryA, mai kama shuɗi da hasken da ya zarce shi, wanda ke taimakawa wajen gyaran DNA da rana ta lalata. Cikin mintuna kaɗan da haskawa, ƙwayoyin gado ɗaruruwa suke canja yawan aikinsu, kusan kashi 5 cikin 100 na duk waɗanda funfunar ke da su. Wanda ya fi muhimmanci ga yin iri shi ne brlA, shi ke tada abaA, shi kuma ya tada wetA, har sandar da ke ɗauke da iri ta kammala.

Inda haske ya haɗu da magani kuwa wajen wani furotin ne da ake kira VeA. A duhu, VeA yakan shiga cibiyar tantani tare da VelB, a can su haɗu da LaeA su zama ƙungiya guda. An bayyana wannan haɗuwa ta uku a 2008. LaeA shi ne ke buɗe wa rukunan ƙwayoyin gadon da ke yin magunguna da guba hanyar aiki. A haske kuwa mafi yawan VeA yana tsayawa a waje, ƙungiyar ta ragu. Penisilin kansa ƙwayoyin gado uku ne ke yin sa, suna jere wuri guda: pcbAB yana ɗinke ƙananan sinadaran furotin guda uku su zama sarƙa, pcbC yana naɗe sarƙar ta zama zobba biyu, shi yana buƙatar iskar oksijin da ƙarfe, sai penDE ya musanya reshen gefe a sami penisilin G idan akwai sinadarin da ake buƙata a cikin abincin.

Kada a ɗauka daga nan cewa duhu na nufin magani mai yawa, shi ke nan. A Penicillium chrysogenum, wadda a yanzu ake kiran jinsin masana'antu da Penicillium rubens, cire velA (takwaran veA a wannan funfuna) ko laeA yana rage penisilin ƙwarai, amma VelB danne shi yake yi, wani ɗan gidansu kuma mai suna VelC yana ƙara shi. A Acremonium chrysogenum, mai yin maganin kashe bakteriya sefalosporin, wadda Giuseppe Brotzu ya samo a 1945 daga ruwan teku kusa da bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya, lalata veA ya rage maganin da kusan kashi 80 cikin 100, zarenta kuma ya riƙa kakkaryewa da wuri. Tasirin haske a kan siffa da iri a bayyane yake. Tasirinsa a kan yawan magani ya fi ƙanƙanta, kuma yawan sukari a abinci yana iya juya shi. Ku shiga gwajin da wannan a zuciya.

Zaɓen funfuna

Abin da ya fi shi ne a sami jinsin da aka san sunansa daga wani ɗakin gwaji, ko P. chrysogenum ko A. nidulans. Idan A. nidulans ce, ku tambaya tun farko ko tana ɗauke da veA1. Wannan wani lahani ne da ke cikin jinsunan ɗakin gwaji da yawa tun shekarun 1960: furotin VeA ɗinsu ya rasa sinadarai 36 na farko, bai iya shiga cibiya yadda ya kamata, don haka suna yin iri a haske da duhu kusan daidai. Masu bincike sun daɗe suna son su saboda sauƙin aiki, har abin ya ɓoye tasirin haske shekaru da dama, sai a 1990 aka nuna cewa jinsin asali yana buƙatar jan haske kafin ya yi iri sosai. Jinsi mai lamba FGSC A4 yana da veA lafiyayye, FGSC A26 kuwa veA1 ne. Wanda ya sami duka biyun ya sami gwaji mai kyau, domin na biyun zai zame masa ma'auni.

Jinsunan masana'antu su ma ba su dace ba. Dukkansu jikokin wadda aka samo ce a jikin wata ƴar uwar kankana mai suna kantalop a kasuwar Peoria ta Amurka a 1943, amma an yi ta canja su shekara da shekaru don yawan magani, har yadda suke amsa muhalli ya bambanta da na daji.

Wanda bai sami ko ɗaya ba yana iya ware tasa daga ƙurar ɗaki ko busasshen burodi. A ɗebo ɗan ƙanƙani daga gefen tabo mai launin shuɗi-kore, a shuka, a sake ɗebowa daga gefen sabon tsiro sau uku har ya zama nau'i guda. A madubin ƙara girma, sandar Penicillium tana rassa a kai irin na tsintsiya, ta Aspergillus kuwa kanta dunƙule ne. Koren da ke kan ruɓaɓɓen lemo yawanci P. digitatum ne, ba ya yin penisilin. Mai launin rawaya-kore da ke kan gyaɗa ko masara kuwa a bar shi sam, domin mai yiwuwa A. flavus ne mai yin gubar aflatoksin. VeA da LaeA ɗin nan dai su ne ke riƙe da gubarta.

Abincin shuka

Don ganin girma da iri, abincin dankali ya isa. A fere dankalin turawa giram 200, a yayyanka, a dafa minti 30 a ruwa lita ɗaya, a tace da tsumma mai tsabta, a cika ruwan ya koma lita ɗaya, a zuba gulukos giram 20 da agar, garin da ke daskarar da abincin, giram 15. Don gwajin magani kuwa a yi wani dabam, domin gulukos yana danne ƙwayoyin gadon penisilin ta hanyar furotin CreA. A lita ɗaya na tataccen ruwa: laktos giram 30, sodiyum naitiret giram 3, K2HPO4 giram 1, magniziyum salfet giram 0.5, potasiyum kulorayid giram 0.5, salfet na ƙarfe giram 0.01, tsamen yis giram 5, agar giram 15. A daidaita pH tsakanin 6.5 da 7. Idan abincin ya yi tsami, funfunar tana rage yin penisilin, wanda ta yi ma yana lalacewa da sauri.

A dafa a digiri 121 na minti 15, ko a otokilaf ko a tukunyar matsin tururi ta kicin, a fara ƙirga lokaci daga sa'ad da ta fara hura. A bari ya huce har a iya riƙe kwalbar a hannu, sannan a zuba mililita 25 daidai a kowane kwanon Petri mai faɗin santimita 9. A auna, kada a zuba da ido. Kwanon da abincinsa ya fi kauri ya fi riƙe ruwa da sukari, wannan kaɗai yana canja yawan iri. Duk kwanonin gwaji guda su fito daga dahuwa guda.

Akwatunan haske

Ana buƙatar akwati huɗu aƙalla masu girma ɗaya: duhu, farin haske, shuɗi, ja. Kwali mai kauri yana yi, katako ya fi. A shafe cikin kowanne da baƙin fenti marar ƙyalli, a bar shi ya sha iska mako guda, saboda warin fenti yana taɓa girman funfuna. A manna fitilun LED masu aiki da bolt 12 a murfi, nisan santimita 25 zuwa 30 daga kwanoni, shuɗi na nanomita 450, ja na 660 zuwa 700. Wanda ya sami na 730 zuwa sama ya ƙara akwati na biyar, domin a A. nidulans wannan ja mai nisa yana iya warware abin da jan haske ya ƙulla.

Kada a yi amfani da ƙwan lantarki mai zare da aka lulluɓe da leda mai launi. Jar leda tana barin ja mai nisa ya wuce, ƙwan kuma yana dafa kwanon. Manhajar auna haske ta wayar salula ita ma ba abin dogaro ba ce wajen kwatanta launuka, an gina ta ne bisa idon mutum, wanda ya fi ganin kore, ya raina shuɗi da ja mai duhu. Idan sashen aikin gona yana da na'urar auna hasken tsirrai, a daidaita akwatunan tsakanin maikuromol 20 zuwa 30 a kowace murabba'in mita cikin daƙiƙa. Idan babu, a rubuta nau'in fitila da yawanta da nisanta, a kwatanta kowane launi da duhu kawai, kada a ce ja ya fi shuɗi ƙarfi.

Fitilun su ci daga batir da faifan sola ke cikawa. Ɗaukewar wuta ta awa uku da tsakar dare ta mayar da akwatin haske na duhu ba tare da kowa ya sani ba.

Maganar iska ita ce wadda aka fi yin sakaci da ita. Mutane da yawa sukan naɗe kwanon duhu da takardar alminiyam, su bar na haske a buɗe. Kwanon da aka naɗe ya rasa oksijin, iskar kabon ta taru a cikinsa, ga laima ta ƙaru. A A. nidulans toshe iska kaɗai yana tura ta wajen haihuwar barbara, kuma mun ga cewa matakin pcbC yana cin oksijin. Wanda ya yi haka iska ya gwada, ya ce haske ne. A bar duk kwanoni ba tare da naɗi ko salatif ba. A huda kowane akwati, har na duhu, kafa biyu, a sa musu bututun roba baƙi da aka lanƙwasa sau biyu, iska ta wuce haske kuma bai shiga ba. Don tabbatar da duhun, a sa waya tana ɗaukar bidiyo a ciki, a rufe, a haska tocila a duk mahaɗan akwatin, sannan a duba.

Zafi

P. chrysogenum ta fi son digiri 25, a 37 kusan ba ta girma. A. nidulans tana jin daɗin 37, amma don penisilin wajen 26 ake renonta. Ƙari a kan haka, an gano cewa FphA, mai kama jan haske, yana amsa canjin zafi ma. Ke nan bambancin digiri biyu ko uku tsakanin akwatuna yana iya kwaikwayon haske ta hanyar furotin ɗaya. A sa ma'aunin zafi a kowane akwati, dab da kwanoni, a karanta safe da azahar da dare. Bambanci tsakanin akwatuna kada ya wuce digiri ɗaya. Idan na haske ya fi zafi, a fitar da fitilun waje su haska ta gilashi, ko a sa irin fitilun a akwatin duhu a rufe su ruf da baƙin ƙarfe, su ba da ɗumi ba haske.

Lokacin da ya fi dacewa a Zinder shi ne Disamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da ɗaki mai kaurin bango ke tsayawa kusa da abin da ake so. Ko a lokacin ma dare na sanyi rana na zafi, don haka a jera kwalaben ruwa cike guda huɗu ko shida a kowane akwati su rage hawa da sauka. Hunturu yana zuwa da nasa matsaloli biyu. Ƙura tana ɗauke da irin funfunoni barkatai, saboda haka a rufe tagogi, a goge tebur da ruwan jabel ko alkol mai kashi 70, a yi aiki kusa da harshen wuta. Bushewar iska kuma tana tsotse agar har ya tsattsage kafin mako, sai a ajiye kofin ruwa buɗe a kowane akwati. A bazara, idan babu ɗaki mai na'urar sanyaya, randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana sauke zafi digiri da dama a busasshiyar iska, sai dai dole kowane launi ya sami randarsa, a riƙa jiƙa su lokaci guda.

Shuka

A ɗauki kwano mai kwana bakwai da ya yi iri sosai, a zuba masa mililita 10 na dafaffen ruwa mai ɗigon Tween 80, wani sinadari mai aiki irin na sabulu, kashi 0.05 cikin 100. Irin funfuna ba ya jiƙa da ruwa zalla, yana tasowa sama ya dunƙule. A goga a hankali da sandar gilashi, a tace ta dafaffiyar auduga don cire zare, a ƙirga, a sirka har ya zama miliyan ɗaya a mililita.

Shuka iri biyu ce, kowacce da amfaninta. Ɗigon maikurolita 5 a tsakiyar kwano yana ba da da'irar da ake auna faɗinta kullum. Shimfiɗa maikurolita 100 a duk fuskar kwano yana ba da tsiro mai shekaru ɗaya ko'ina, shi ne ya dace da ƙirga iri da gwajin magani. A yi kwano biyar aƙalla na kowane hali.

Bayan shuka, duk kwanoni su fara kwana a duhu. Sabon zare ba ya amsa umarnin yin iri sai ya kai wani mataki na balaga, a A. nidulans wajen awa 18 zuwa 20 a digiri 37, a Penicillium a digiri 25 a ba shi awa 24 zuwa 36. Daga nan a rarraba su cikin akwatuna ta hanyar ƙuri'a. A riƙa juya musu wuri a cikin akwati kullum, ban da na duhu.

Kwanon duhu da aka buɗe aka leƙa ya tashi daga na duhu. Haske na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya tada ƙwayoyin gado. Idan ana son aunawa a kwana na 3 da na 5 da na 7, a tanadi ƙananan akwatunan duhu uku, kowanne a buɗe shi sau ɗaya. Funfunar Trichoderma tana nuna wannan ƙarara: walƙiyar shuɗin haske guda tana sa ta yi zoben koren iri daidai inda gefen tsiron yake a lokacin. Malamin da ke son gamsar da aji cikin kwana uku ya fara da ita.

Akwai wani kwano da ya kamata a ƙara. Tsamen yis yana ɗauke da bitamin B2, wanda shuɗin haske ke sa ya saki sinadarai masu ƙuna a cikin agar. Don a raba tasirin haske a kan funfuna da tasirinsa a kan abinci, a haska wasu kwanoni da ba a shuka ba na kwana biyu, sannan a shuka su a rene su a duhu. Idan suka yi kama da na shuɗin haske, abincin ne ya canja.

Ƙirga iri

Launi a ido ba ma'auni ba ne. A yanko ƙwarya, wato ɗan zagayen agar da tsiron da ke kansa, mai faɗin santimita 1 da bututun ƙarfe da aka ƙona, guda uku daga kowane kwano, a jefa kowacce cikin mililita 5 na ruwan Tween, a girgiza da ƙarfi minti ɗaya. A ɗiga a gilashin ƙirga na Malassez, wanda ɗakunan gwajin jini na ƙasar nan suka saba da shi. Yana da gidaje 100, jimillarsu maikurolita ɗaya. A bari minti biyu irin ya kwanta, a ƙirga gida goma, a ninka da 10,000, an sami adadi a mililita. A matsayin misalin lissafi: idan gida goma sun ba da 240, mililita tana da miliyan 2.4, ƙwaryar gaba ɗaya miliyan 12, a raba da faɗin fuskarta, murabba'in santimita 0.785, a sami kusan miliyan 15. Idan gida ɗaya ya wuce iri 50, a sirka sau goma a sake. Mai ƙirgawa kada ya san daga wane akwati samfurin ya fito, wani ya sa musu lambobi.

Masu aiki da A. nidulans su duba ƙananan ƙwallaye masu duhu da ke fitowa a kwanon duhu bayan kwana biyar zuwa bakwai, su ne gidajen irin barbara. Fesa alkol a fuskar kwano yana kwantar da koren iri su bayyana. P. chrysogenum ba za ta nuna wannan a gwaji irin namu ba. Sai a 2013 aka iya sa ta barbara, da jinsi biyu masu dacewa, a abincin hatsin ots da aka ƙara wa biyotin, cikin duhu na makonni.

Gwajin magani

Ana auna maganin ne da bakteriyar da penisilin ke kashewa. Micrococcus luteus ko Bacillus subtilis sun dace, ba su da haɗari sosai. Kada a karɓo Staphylococcus daga majinyaci: yawancinsu yanzu suna da sinadarin da ke farfasa penisilin, ga haɗarin kamuwa. A sirka bakteriyar kwana ɗaya a ruwan gishiri har duhunta ya kai 0.5 a ma'aunin McFarland, a shafe ta da auduga a kan agar Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4.

A yanko ƙwarya mai faɗin milimita 6 daga kwanon funfuna a ɗora a kai, gefen agar a ƙasa. Idan daga shukar ɗigo ce, a yanko duka daga nisa ɗaya da tsakiya, domin gefen tsiro yaro ne bai fara yin magani ba, tsakiya kuma ya tsufa. Kowane kwanon bakteriya ya ɗauki ƙwarya ɗaya daga kowane akwati, tare da ƙwaryar agar da ba a shuka ba, da faifan penisilin G mai yunit 10, wato maikurogiram 6, irin na ɗakin gwajin asibiti. A sa a firiji awa biyu maganin ya bazu kafin bakteriya ta farka, sannan a rena a digiri 30 na awa 18 zuwa 24. A auna faɗin filin da bakteriya ba ta tsiro ba, ta fuska biyu, daga bayan kwano.

Wajen fassara a kula da abu uku. Faɗin fili ba ya tafiya kai da kai da yawan magani: ninka magani sau biyu milimita kaɗan yake ƙarawa, don haka bambancin milimita 3 da ya maimaitu a kwano biyar babban abu ne. Sannan fili ba hujja ba ce cewa penisilin ne, funfunar daji tana iya fitar da asid ko guba irin su patulin da sitirinin. A ɗiga sinadarin penisilines, mai farfasa penisilin, a kan ƙwarya ɗaya, idan filin ya ɓace dangin penisilin ne. Idan babu shi, a gwada da Escherichia coli ta ɗakin gwaji, wadda penisilin G ba ya yi wa komai sosai, babban fili a kanta alama ce ta wani abu dabam. Na uku, idan haske ya rage girman funfunar, ƙarancin magani yana iya zama na ƙarancin zare ne kawai. A shimfiɗa dafaffiyar takardar selofan a kan wasu kwanoni kafin shuka, a ɓare tsiron, a busar a digiri 60 har nauyinsa ya tsaya, a kwatanta magani da nauyi.

Penisilin ba ya jure zafi. Ƙwaryar da ta yi awa biyu a kan tebur da rana ta riga ta yi asara, a yanka a ɗora nan take.

Duba ƙwayoyin gadon kai tsaye

Wannan sai inda akwai na'urar PCR mai auna yawa. A rene a kan selofan cikin duhu, a haska minti 15, 30 da 60, a ɓare a daskarar nan take a ruwan naitirojin ko a nutsar a ruwan adana RNA. Samfurin duhu a ɓare shi cikin duhu, ko da ɗan koren haske mai rauni na daƙiƙoƙi, tunda wasu funfunoni suna da furotin mai kama kore. A A. nidulans, ccgA da conJ suna tashi da ƙarfi cikin rabin awa, su ne shaidar cewa hasken ya isa. Sai a auna brlA da ƙwayoyin gadon penisilin uku, a kwatanta da na aktin, wanda ake ɗauka ma'auni. Na penisilin a ɗauki samfurinsu a kwana na 2 zuwa na 4, ba cikin mintuna suke amsawa ba.

Kariya

Abin da ya fito daga waɗannan kwanoni ba magani ba ne da za a sha ko a shafa a gyambo. Penisilin da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, gauraye da abubuwan da ba a tantance ba, P. chrysogenum kanta tana yin guba mai suna rokfotin. Daga lokacin da Alexander Fleming ya ga funfunar a kwanonsa a Landan a 1928, sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford su tace shi ya isa a yi wa mutum allura. Mai asma, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da wanda penisilin ke tayar wa borin jini, kada su buɗe kwano mai iri. Sauran su sa takunkumi da safar hannu, kada a shinshina, kada a kunna fanka sa'ad da kwano ke buɗe. Kwanonin da aka gama da su a dafa su a rufe a digiri 121 na minti 30 kafin a wanke ko a zubar, tebur kuma a jiƙa shi da ruwan jabel a bar shi minti goma kafin a goge.